Tulun da ba a san wadda ta gina shi ba

Jama'a, wanda ke da takardar naira ashirin a aljihu ya juya bayanta. Matar nan da ta duƙa kan tulu ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gwari daga garin Kwali. Ba ta yi boko ba, a hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini kamar sauran 'yan matan ƙauyensu. Amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, a 1980 ta karɓi lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, a 1981 aka ƙara mata da lambar girmamawa ta ƙasa ta OON. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1960, Ingila ta ba ta lambar girmamawa ta MBE.

Kullum aka tashi maganar sana'ar hannu sai a kawo sunanta, a yaba, a watse. Ni abin da ke cin raina shi ne ba ma tambayar hanyar da ta bi, balle mu duba ko hanyar na nan.

Ga yadda aka yi. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wato Abujar da, wadda yanzu ake kira Suleja, ya ga tulunanta, suka burge shi, ya saya ya ajiye a gidansa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko shi don harkar tukwane. Da ya buɗe cibiyar koyar da gini a Abuja, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juyi da shafin ƙyalli da gashi a tanderu mai tsananin zafi, amma ba ta yar da ginin hannu na gida ba, haka ta ci gaba da zana kunama da ƙadangare da kifi da kada da hawainiya a jikin tulu. Aka kai kayanta ɗakin nuni na Berkeley a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Kuma ku lura da wannan: ana buga tambarin sunanta a jikin kayan kafin a gasa. Duk inda tulun ya je, ya tafi da sunan mai shi.

Wato sai da aka samu mai ido ya gani, aka samu wurin aiki, aka samu mai ɗaukar kaya ya kai inda za a kalla, sannan aka rubuta suna. Gwanintar tata ce, babu mai musu. Amma gwanaye nawa ne a zamaninta suka rasu ba wanda ya san su sai maƙwabta?

Yau ku je kasuwar ƙauye ranar ci, ku tsaya layin masu tukwane. Randa ce, tulu ne, kasko ne, asusu ne, an jera su kan ciyawa don kada su fashe. Za ka ɗauki wata randa ka ƙwanƙwasa da yatsa, ka ji ta amsa da ƙara mai kyau, bakinta ya zagaye daidai kamar an auna, alhali da hannu da ɗan tsumma aka gyara shi. Ka tambayi mai sayarwa wa ta gina, ya ce maka sari ya yi. Matar da ta haƙo yumɓu, ta kwaɓa, ta gina, ta shanya, ta tara kara da kirare ta toya, ta yi asarar waɗanda suka tsage a wuta, ba a san da zamanta ba. Wadda ba a san sunanta ba, ta yaya za a gayyace ta baje koli, balle a ba ta lamba?

Kuma ba wai damar ce babu ba. Kamfanin Loewe na ƙasar Sifen yana da gasar masu sana'ar hannu ta duniya duk shekara, ana tace mutum 30 a nuna aikinsu, wanda ya zo na ɗaya ya tafi da yuro 50,000. A Wagadugu ana yin babban baje kolin sana'o'in hannu na SIAO tun 1988. A Yamai akwai SAFEM, wanda aka kafa musamman don sana'o'in mata. A Abuja hukumar raya fasaha da al'adu ta ƙasa na shirya nata baje kolin. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu, garin masu tsakiyar gilashi da maƙeran tagulla. A 2022 an yi wani nuni a Landan kan mata baƙar fata masu ginin yumɓu, kayan Ladi na gaba, tare da na Magdalene Odundo 'yar asalin Kenya, wadda ita ma ta zo Abuja ta koyi aiki a 1974.

To amma ku dubi ƙofar shiga. Irin gasar nan ta waje fom ne a intanet cikin harshen Turawa, da hotuna masu kyau, da bayanin aiki a rubuce. Na gida kuma kuɗin rumfa, kuɗin mota, wurin kwana, ga tsoron kaya su farfashe a hanya. Maginiya a Tatiko ta jihar Neja, ko a Mirya kusa da Damagaram, ko a Bubon da ke bakin kogin Kwara a Nijar, ina za ta fara? Daga ƙarshe dillali ke zuwa da kayanta, shi ake ɗauka hoto, sunansa ake rubutawa a takardar shaida. Wannan ba adalci ba ne. Haka abin yake ga dukawan Kano da Sakkwato da marinan Ƙofar Mata: kaya na yawo duniya, mai yi na zaune inda yake.

Wani zai ce ai lambar yabo ba ta cika tumbi. Na yarda ciniki ne gaba. Sai dai suna ma ciniki yake jawowa. Tulun Ladi ya shiga gidajen tarihi na Turai da Amurka ne saboda an san nata ne. Kuma a lokacin da roba da alminiyom suka cinye kasuwar randa da tukunya, 'yar da ta ga an kira uwarta gaban jama'a an karrama ta ita ce za ta yarda ta zauna ta koyi gini.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Ɗaliban sashen tukwane na jami'ar Zariya da kwalejojinmu, kowa ya ɗauki ƙauye ɗaya, ya ɗauki hoton kaya da kyau, ya rubuta sunan maginiya da izininta, ya cike mata fom idan gasa ta fito. Masu sari ku riƙa faɗin sunan mai aiki, ba abin da zai rage muku. Masarautunmu, ga hawan Sallah ana tara dubban baƙi, me zai hana a ware rumfa ɗaya da kyauta ɗaya ga gwanar ginin tukwane ta shekara? Sarki ne fa ya fara ganin Ladi. Su kuma masu shirya baje koli na gwamnati su ware kuɗin mota da kwana ga mai sana'a da kanta, su sa sharaɗin cewa kowane kaya a rubuta sunan wanda ya yi shi da garinsu.

Ladi ta rasu a Minna a Agustan 1984, Allah Ya ji ƙanta. Cibiyar Suleja da aka sa wa sunanta, 'yan jarida sun daɗe suna rubuta yadda aka bar ta ta lalace. Ya kamata gwamnatin jihar Neja ta gyara tanderun, ta dawo da koyarwa, ta mayar da wurin matattarar baje kolin tukwane na kowace shekara, a gayyato magina daga Najeriya da Nijar.

Wanda kuma ya san wata gwanar gini a garinsu, ya nemi izininta, ya sa mana hoton aikinta da sunan garin a nan ƙasa.