Ƙannena direbobi, kada ku raina ƙarar birkin baya

Assalamu alaikum ƙannena, musamman masu jigila tsakanin Birnin Kebbi, Jega, Koko da Yawuri. Akwai sakacin da ya zama ruwan dare a cikinmu, kuma yana damuna ƙwarai. Direba zai ji tayar baya tana gurza duk sanda ya taka birki, sai ya ƙara muryar rediyo, wai ai mota tana tsayawa. E, tana tsayawa, domin birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin. Shi ya sa na baya zai cinye ƙaf ba ka ji a ƙafarka ba. Sai ranar da ka cika mota da fasinja, ka lafta buhunan albasar Aliero a but, shanu suka faɗo titi, sannan za ka neme shi ka rasa.

Don Allah ku koyi sauraro. Idan ƙarar ba ta zuwa sai ka taka, kuma kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, to fad ko shu, wato abin da ke matsewa ya tsayar da taya, ya ƙare, ƙarfensa ne ke cin faifai ko dram, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Wannan ba ya jiran sati. Yau kuɗin shu kawai za ka biya, ka ƙara kwana biyu sai ka haɗa da dram. Idan kuwa da safe ne bayan ruwan sama ko wanki, ka taka sau kaɗan ta ɓace, tsatsa ce, ba komai.

Akwai ƙarar da ba ruwanta da taka birki. In tana ƙaruwa da gudu, tana canza sauti a kwana, ka zargi boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. In ta taso ne bayan ka bi hanyar ƙauye, wataƙila tsakuwa ce ta maƙale. Haka nan idan ka yi tafiya ka tsaya, kusantar da hannunka ga tayoyin baya, kada ka taɓa. Ɗaya ta fi ɗaya zafi, ga warin ƙuna? Birkin yana riƙewa, sau da yawa wayar birkin hannu ce ba ta saki ba.

Ka duba man birki ma. Idan yana raguwa, kuma bayan dram ya jiƙe, silinda, wadda ke tura shu da ƙarfin man, ita ce ke yoyo, shu ɗin da ya sha mai kuwa ba ya kamawa. Masu zuba ruwan omo maimakon man birki, ku ji tsoron Allah! Rayukan da ke bayanku amana ce. Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

In ka je gareji, tsaya a buɗe a gabanka ka gani da idonka. Fad da bai kai kaurin milimita 3 ba a canza shi, kuma hagu da dama tare, ba gefe ɗaya ba. Kada yaron gareji ya hure ƙurar dram da baki, tana illa ga huhu, kada kuma ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In motar ba taka ba ce, faɗa wa maigidanka yau, ko da zai ɓata rai, ka ce ba za ka yi lodi ba sai an gyara.