Idan Zuciya Ta Yi Nauyi, Me Kake Zuba Wa Kunnenka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Shekaranjiya bayan isha'i 'yar yayata ta turo mini saƙo ta WhatsApp: "Kawu, don Allah wace waƙa zan sa in ji sanyi? Raina a jagule yake, komai ya fita daga raina." Na daɗe riƙe da wayar ban ba ta amsa ba, domin tambayarta ta mayar da ni shekarar da jarina ya karye.

A waccan shekarar na ɗauki kaya bashi, farashi ya faɗi, masu kuɗi suka fara sallama a ƙofar gida. Dare ya yi, iyali sun yi barci, ni kuwa ina kwance a kan tabarma a zaure, na toshe kunnuwana da waƙoƙin cin amana da rabuwa da butulcin duniya. Ɗaya ta ƙare in maido ta farko. Ina jin kamar mawaƙin ya san ciwona, kamar ni yake yi wa. Amma gari na wayewa sai in tashi da ƙirji kamar an ɗora dutse, ina jin haushin kowa, har yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Susar ƙazwa nake yi: daɗi a lokacin, jini daga baya.

Wata rana aka kwana ba wuta, cajin wayar ya ƙare tun tsakar dare. Ga ni ga shiru. Can gab da asuba, sanyin hunturu na ratsa bargo, sai na jiyo almajiran tsangayar bayan gidanmu sun hura wuta sun fara karatu. A cikin hayaniyar akwai wani yaro mai siririyar murya, da alama sabon rubutu aka yi masa, yana ta nanata Walluha. "Ma wadda'aka Rabbuka wa ma ƙala." Ya kai ƙarshen ayar ya dawo, ya kai ya dawo. Ubangijinka bai bar ka ba, kuma bai ƙi ka ba. Tun ina makarantar allo na haddace surar nan, ayoyi 11 ne kacal, amma wallahi ranar na fara jin ta. Na yi kukan da na yi wata uku ina haɗiyewa, na tashi na yi alwala.

Ku duba dalilin saukar surar. Wahayi ya ɗan yanke wa Annabi (SAW), rashin lafiya ta hana shi tsayuwar dare biyu ko uku, sai wata mata ta yi masa gori cewa shaiɗaninsa ya rabu da shi. Allah Ya saukar da Walluha Yana lallashin Masoyinsa. Shi da ya fi kowa imani ya ɗanɗani baƙin ciki, har shekara ta 10 bayan aiko shi, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, ake kiranta shekarar baƙin ciki. Saboda haka kada wani ya ce maka damuwarka alamar raunin imani ce.

Kuma kada a ce addini bai san kunne yana da ƙishirwa ba. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Mas'ud ya karanta masa Alƙur'ani. Abdullahi ya ce, in karanta maka alhali a kanka aka saukar? Annabi ya ce yana son ya ji daga bakin waninsa. Ɗan Mas'ud ya kama Suratun Nisa'i, da ya iso aya ta 41 Annabi ya ce ya isa haka, Abdullahi ya ɗaga kai sai ya ga hawaye na zuba daga idanunsa masu albarka. Annabi ya kuma yaba muryar Abu Musal Ash'ari, ya ce an ba shi irin zaƙin muryar da aka ba iyalan Annabi Dawuda. A shekara ta 5 bayan hijira, ana haƙar ramin Khandaƙ cikin sanyi da yunwa, Annabi da kansa yana jidar ƙasa har ƙura ta rufe cikinsa, yana rera baitocin Abdullahi ɗan Rawaha, sahabbai na aiki suna ƙara ƙarfi.

Maganar kayan kiɗa kuwa fagen malamai ne, kuma sun yi saɓani tun da daɗewa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana, sai mandiri a biki da ranar idi. Ibn Hazm ya halatta, Imam Gazali ya kafa sharuɗɗa. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da ya dame ni a nan shi ne kalmomin. Babu malamin da ya yarda ka kwana kana sauraren wanda ke ce maka rayuwa ba ta da amfani, kowa maƙiyinka ne, ko kwalba ce maganin damuwa. Zuciyar da ke cikin ƙunci ba ta da mai gadi a ƙofa. Duk abin da ya shigo a wannan lokacin zama yake yi daram.

Iyayenmu sun san wannan. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe wayar salula ba, amma in abu ya dame ta za ka ji ta tana tsince shinkafa a faifai tana rera bege a hankali, wani lokaci baitin Ishiriniya guda ɗaya take ta juyawa har ta gama aikin. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma sunan da ya raɗa wa waƙoƙinsa shi ne Imfiraji, wato yayewar baƙin ciki, kuma shekara da shekaru mutanenmu suna jin su a bakin makafi a kasuwa da tasha suna tuna lahira, suna samun sauƙin duniya. Mun gaji abin sauraro mai warkarwa, muka bar shi muka koma ga mai ƙara miki.

Sai dai akwai damuwar da ta wuce ta kwana biyu. In ka yi makonni barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da a da kake so duk ya fita daga ranka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, to ka je asibiti, ka kuma faɗa wa wani naka. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Nana A'isha ma in an yi rasuwa takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na garin sha'ir, domin ta ji Annabi ya ce tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana rage wani sashe na baƙin ciki. Addu'a da magani da kulawar 'yan uwa ba kishiyoyi ba ne.

Daga ƙarshe dai na ba yarinyar amsa. Na tura mata Walluha da Alam Nashraha da muryar makarancin nan na Masar, Minshawi, na ce: "'Yata, ki yi alwala ki zauna, ki saurara a nitse sau uku, kada ki taɓa komai a wayar. In kuka ya zo ki bar shi ya zo. Kafin ki kwanta ki ce Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan." Can wajen sha ɗaya ta rubuto: "Kawu, na yi kuka sosai." Na ce mata gobe da hantsi ina nan tafe in gaida mamanki, ki dama mana kunu, mu zauna ki faɗa mini abin da ya faru tun daga farko.