Kwalejin noma ba mafakar wanda ya rasa jami'a ba ce

Yana damuna yadda ake yawan cewa kwalejin aikin gona da ke karkara wurin wanda ya rasa gurbi a jami'a ne, kuma ba za a koya masa abin da bai gani a gonar mahaifinsa ba. Masu faɗin haka suna da hujjarsu: suna ganin ɗalibai cikin laka da garken dabbobi, kuma manoma da yawa sun ƙware ba su taɓa shiga aji ba.

Sai dai aikin fili ɓangare ne kawai. Ɗalibi yana karanta kimiyyar ƙasa, cututtukan tsiro da na dabbobi, ban ruwa, lissafin riba da asara, da dabarun isar da ilimi ga manoma.

Ga gona ana ta zuba mata taki, amfani bai ƙaru ba. Wanda ya yi karatun zai fara auna tsamin ƙasar. Idan ma'aunin tsami da ake kira pH ya sauka ƙasa da 5.5, wato tsamin ya yi yawa, sinadarin aluminiyam yakan narke ya hana saiwa girma, fosfaras ɗin takin kuma ya maƙale, tsiro bai samu ba. Farar ƙasa ta gyaran gona, mai rage tsami, ake buƙata a nan, ƙarin taki asarar kuɗi ne.

Shi ya sa kwalejoji da dama ke ba sabbin ɗalibai ƙarin darasi a lissafi da kimiyyar sinadarai, tare da malami mai bibiyar karatunsu, domin a nan ne wanda ya zo da tunanin sauƙi yake fara tuntuɓe. Zaman kwalejin a karkara kuwa saboda fili ne, don gwajin iri yana cin gona da damina guda cur.