Riƙon amana a ikilisiya: me ya sa kuɗi kaɗai ake ƙirgawa?

Duk lokacin da aka zo koyarwa a kan riƙon amana, wanda wasu ke kira wakilci, mai wa'azi yakan jero abubuwa uku da mai bi zai miƙa wa Ubangiji, wato lokacinsa da baiwarsa da kuɗinsa. Sai dai wanda ya daɗe yana zuwa sujada ya san inda maganar ke ƙarewa. Lokaci da baiwa sukan samu 'yan mintoci a farko, sauran wa'azin kuma ya tafi a kan zakka da baiko, idan shekara ta ƙare kuwa rahoton ma'aji ne kaɗai ake karantawa da alƙaluma. A ganina wannan karkata tana gurgunta koyarwar tun daga tushe, tana kuma sa mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka ba shi da wani rabo a aikin Allah.

Tushen koyarwar shi ne tambayar wane ne mai kaya. Zabura 24:1 ta ce duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne, sarki Dauda ma, ranar da jama'a suka tara dukiyar gina Haikali, ya shaida a 1 Tarihi 29:14 cewa abin da suka bayar daga hannun Allah ya fito. Idan haka ne, sa'o'i 24 na yini da ƙwarewar hannu da abin da ke aljihu duk ajiya ce iri ɗaya, kuma mai ajiya ba shi da ikon cewa wannan zan ba da lissafinsa, wancan kuwa nawa ne.

Misalin talanti a Matiyu 25, inda wani maigida da zai yi tafiya ya damƙa wa bayinsa uku dukiyarsa, ya cancanci a tsaya a kansa. Talanti a zamanin ma'aunin kuɗi ne mai nauyi, kimanin dinari 6,000, dinari ɗaya kuma shi ne ladan yinin ma'aikaci kamar yadda Matiyu 20 ya nuna. Ke nan bawan da aka ba talanti ɗaya, wanda muke yi wa kallon maras rabo, an damƙa masa ladan aikin kusan shekara 20. Wanda ya samu biyar da wanda ya samu biyu yabo iri ɗaya suka ji daga bakin maigidan, kalma bisa kalma, ko da yake ribarsu ba ɗaya ba ce. Laifin mai talanti ɗaya shi ne binne kuɗin a ƙasa maimakon ya juya shi. Abin da ke damuna shi ne, a yau ba koyaushe mai baiwa ne ke binne baiwarsa ba, sau da yawa shugabanni ne ke binne masa ita ta wurin ƙin tambayarsa.

Na san wata ikilisiya da ta yi shekaru tana fama da littafin kuɗi a hargitse, alhali wani ƙwararren akanta yana zaune a benci na uku kowace Lahadi. Sau da yawa an aika masa ambulan ta neman gudummawa, amma ba a taɓa cewa ya zo ya duba lissafi ba. A wannan ikilisiyar akwai wata dattijuwa da ke isowa tun kafin a buɗe ƙofa, ta share, ta goge kujeru, sannan ta zauna da yara a makarantar Lahadi har a tashi. Ranar godiya an kira sunayen waɗanda suka sayi kayan kiɗa, an tafa musu, ita kuwa tana can baya tana rarrashin ɗan wata. Ba ta nemi yabo ba, kuma ba yabon ne matsalar ba. Matsalar ita ce darasin da yaran da take koyarwa suka ɗauka a ranar game da irin bayarwar da ke da daraja. Yakubu ya yi gargaɗi a kan wannan a sura ta 2 ta wasiƙarsa, inda ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau su bar matalauci a tsaye.

Littafi Mai Tsarki bai raina aikin hannu ba. Mutum na farko da aka ce an cika shi da Ruhun Allah domin sana'a shi ne Bezalel a Fitowa 31, maƙeri kuma masassaƙi. Da Tabita ta rasu a Yafa, gwauraye mata ba su nuna wa Bitrus takardar gudummawa ba, riguna suka ɗaga masa waɗanda ta ɗinka da hannunta.

Wani zai ce duk wannan daɗin baki ne, domin shara ba ta biyan albashin fasto, waƙa kuma ba ta gyara rufin da ke yoyo. Gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan mai hali da zai fake da cewa ya ba da lokacinsa don ya ƙi buɗe hannu. Bulus ya faɗa ƙarara a 1 Korantiyawa 9:14 cewa masu shelar bishara su ci daga bishara, ya kuma umarta a sura ta 16 cewa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Amma a duba yadda ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya, waɗanda suka bayar cikin tsananin talauci: ya ce kansu suka fara miƙawa ga Ubangiji. Wanda ya sa hannu a aiki ya san inda buƙata take, ba sai an matsa masa ba. Haka ya faru a Fitowa 36, inda jama'a suka yi ta kawo kayan aikin alfarwar sujada har Musa ya sa aka yi shela a daina.

Labarin matalauciyar gwauruwa da ta jefa anini biyu, duk abin da take da shi, a akwatin baiko a Markus 12 ma ana yawan jan shi don a tatsi marasa ƙarfi. Ya kamata mai wa'azi ya fara karatu daga aya ta 40, inda Yesu ya la'anci halin malaman da ke cinye gidajen gwauraye mata, kafin ya kai ga akwatin baiko.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da aka fi tsallakewa, wato cewa amana tana kan mai karɓa kamar yadda take kan mai bayarwa. A 2 Sarakuna 12, sa'ad da aka huda murfin akwati don tara kuɗin gyaran Haikali, magatakardan sarki da babban firist ne ke ƙirgawa tare. Bulus kuwa, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, don kada kowa ya samu abin zargi. Idan manzo ya ga ya dace a sa masa ido, babu shugaban da ya isa ya ɗauki tambayar lissafi a matsayin raini ko rashin bangaskiya.

Lokacin mutane ma amana ce a hannun shugabanni. Taron kwamiti da aka sa ƙarfe huɗu aka fara ƙarfe biyar da rabi ya ci sa'a ɗaya da rabi daga rayuwar kowane mutum da ya zo a kan lokaci, kuma mai aikin yini ya san nawa wannan ya jawo masa. Haka nan ɗora kowane aiki a kan mutum biyar ɗin nan da ba sa iya cewa a'a, har su gaji su janye, ɓarna ce da ba ta fitowa a rahoton ma'aji. Da gunaguni ya tashi a Ayyukan Manzanni 6 cewa ana tsallake wasu gwauraye mata a rabon yau da kullum, manzanni ba su nemi ƙarin kuɗi ba, sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin.

Shawarata ga dattawan ikilisiya ita ce, a taron shekara mai zuwa, bayan ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita dalla-dalla, wani ya tashi ya faɗi marasa lafiya nawa aka ziyarta, yara nawa aka koyar, mutum nawa ne kuma suka yi wannan aikin. Kafin a sake buga ambulan kuma, a zagaya da takarda a tambayi kowane mamba abin da ya iya da ranar da yake da sarari, sannan a kira shi cikin watan.