Aikin Stark bai tsaya ga kula da gini ba

Wani labari da na karanta ya yi daidai da ya tuna da J. Wayne Stark, tsohon sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya riƙe ragamar cibiyar ɗalibai ta Jami'ar Texas A&M tun daga 1947 har ya yi ritaya a 1980. Sai dai a ganina marubucin ya fi mayar da hankali kan horonsa na soja da tsare ƙa'ida, alhali ba nan ne ainihin gudummawarsa take ba.

Ita wannan cibiya, da ake kira Memorial Student Center (MSC a taƙaice), an gina ta ne domin tunawa da ɗaliban jami'ar da suka rasu a fagen fama, shi ya sa har gobe ake cire hula idan an shiga, kuma ba a taka ciyawar da ke kewaye da ita. Mutumin da ya saba ba da umarni zai iya mayar da irin wannan wuri tamkar bariki. Stark bai yi haka ba, domin ya bar ɗalibai su jagoranci kwamitoci, su tsara shirye-shirye, su gayyato manyan baƙi da kansu. A zamaninsa ne aka fara taron SCONA a 1955, inda ɗalibai ke tattauna al'amuran ƙasa da na duniya. Ya kamata a ce labarin ya ji ta bakin waɗanda suka shugabanci kwamitocin nan a ƙarƙashinsa.