Su wata huɗu, mu shekara ɗaya cur

Daren Talatar nan wajen ƙarfe 9 aka turo sanarwa a waya cewa sanyi zai sauka ƙasa da sifili kafin asuba. Ina leƙawa ta taga sai ga maƙwabta sun firfito da tocila, wannan da bargo, wancan da tsohon zanin gado, suna lulluɓe tumatur da barkono a bayan gida. Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, wadda ta ba 70 baya, tana durƙushe cikin wannan jaura tana danne gefen bargo da duwatsu kada iska ta yaye. A kan tushen tumatur da bai fi a ƙirga da yatsu ba fa. Wallahi jikina ya yi sanyi, kuma Kaduna ce ta faɗo min a rai.

Bari in ba ku labarin yadda noma yake a nan Winifeg ta ƙasar Kanada, don sai kun ji za ku gane abin da ke ci min rai. A watan Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ƙasa ta daskare zurfin fiye da mita ɗaya, ta koma kamar daɓen siminti, ko da diga ka zo sai dai ka koma da abinka. Ba mai kai shuka waje sai bayan hutun Victoria, wato Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu, masu taka-tsantsan ma sai farkon Yuni. Kafin ƙarshen Satumba kuma raɓa mai daskarewa ta dawo, dare ɗaya tak ta mayar da ganye baƙi ƙirin. Kwana 120 ne ko kusa da haka, shikenan noman shekara.

To amma ku ji abin da suke yi da wata huɗun. Tun Maris, dusar ƙanƙara na jibge a ƙofar gida, mutum zai zuba iri a 'yan ƙananan robobi a cikin ɗaki ya kunna musu fitila ta musamman, attarugu ma tun Fabrairu saboda shi ba ya sauri. In lokacin dashe ya matso ba a fitar da su kai tsaye, yau a ajiye su waje awa ɗaya a inuwa a mayar ciki, gobe a ƙara, har sati ko fiye sai sun saba da iska da rana. Tafarnuwa kuwa a Oktoba ake binne ta a rufe da ciyawa, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara duk hunturu, sai Yuli ko Agusta a tone. Ganyen da ya zubo daga bishiya da ɓawon dankali duk tara su ake yi su ruɓe su zama taki. Abin da ke taimakonsu shi ne tsawon yini, a Yuni rana kan yi sama da awa 16 ba ta faɗi ba, shuka sai ta riƙa tashi kana gani.

Namu kayan miyar kuma sai a hankali. Alayyafo yana yi sosai. Yakuwa za ta ba ka ganye, amma zoɓo kada ka sa rai, don ba ta fure sai yini ya gajarce, kafin nan kuwa sanyi ya kashe ta. Zogale sai a tukunya, a shigo da shi falo, ya kakkaɓe ganye ya tsaya tsirara har bazara.

Na sani za a ce ai su suna da ruwan famfo da wuta da kuɗin sayen fitila, kuma nomansu na sha'awa ne, in tumatur ya mutu kanti za su je. Gaskiya ne. Ban manta da 2016 ba da wata tsutsa ta cinye tumatur har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma masu lambu a bakin kogin Kaduna da ke fama da tsadar fetur ɗin injin ban-ruwa ba wanda zai koya musu noma. Ba da su nake ba. Da mu nake, masu gida da fili a cikin gari. Ruwan sama wata shida, rani ga rijiya, ba ranar da ƙasa ke ƙin karɓar iri, ɗan kuɓewa ma in ya faɗi bakin rariya tsirowa yake, amma da mutum ya samu kuɗi abin da zai fara shi ne ya kira masu intalok su shafe tsakar gida tun daga get har bayan kicin, a sare gwaiba wai tana zubar da ganye, a sare mangwaro wai maciji, sannan a aiki yaro Kasuwar Bacci sayen alayyafon da ba a san da wane ruwa aka yi masa ban-ruwa ba. In Maris ta zo kuma kowa na kukan zafi.

Yaya, na san kana karanta abin da nake rubutawa, kuma an gaya min har an kawo yashi gidanmu na Tudun Wada. Don Allah a sa intalok ɗin a gaba inda mota ke tsayawa, amma bayan ɗakin Hajiya inda take shuka rama da yakuwa, da zogalen nan na jikin katanga, a bar su yadda suke. 'Ya'yana ba su taɓa ganin zoɓo a jikin uwarsa ba, a leda suka san shi, kuma ina so in mun zo hutu su tsinka da hannunsu. In maganar taɓo ce da damina a zuba tsakuwa a hanya, kuɗin da na gyaran rijiya duk ni zan turo ƙarshen wata in sha Allah.