Hadarin Almeriya

Wanda ya tsara littafin da ake koya mana Sifaniyanci da shi bai taɓa taka garin Almeriya na kudancin Sifaniya ba, ko rantsuwa na yi ba kaffara. Babi guda ya ware wa hadari: tormenta, trueno, relámpago, rayo, granizo, wato hadari da tsawa da walƙiya da aradu da ƙanƙara. Garin kuwa ruwan da yake samu a shekara bai wuce milimita 200 ba, na watan Agusta kaɗai a Kano ya fi shi. Hamadar Tabernas ma tana nan kusa, inda Turawa ke zuwa ɗaukar finafinan kaboyi.

Duk da haka na duƙufa. Da rana ina tsinkar tumatir a rumfunan leda, da yamma ina aji, da dare ina tilawa har abokin ɗakina, wani Badamagare, ya ce: "Malam, in roƙon ruwa kake, ka fita fili mana." Malamarmu kuwa ta ɗauke ni ɗan gaban goshi saboda harafin "r". Sauran ɗalibai na fama da kaɗa harshe, ni kuwa da ɓarrr ɗina na zo daga gida. In na ce relámpago har tafi take yi. Ita ce ta koya mana cewa in an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa, kowace uku kilomita ɗaya ce, don sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa.

Ilimi ya samu, wurin kashe shi ne babu. Kullum sama fes. A gona kalmomi biyu ake buƙata, calor da rápido, zafi da sauri.

Sai daren 23 ga Yuni. Na dawo a gajiye, na yi isha na kwanta. Wajen sha biyu na ga haske ya gifta ta taga. Na soma ƙirga: uno, dos, sai ɗummm! Ko kilomita ɗaya babu! Na tashi ba takalmi, na bi matakala ina buga ƙofofi: "¡Tormenta! ¡Trueno!" Ɗan da aka yi wa tarbiyya ya san abin da ake fara yi in hadari ya taso. Na haye saman bene inda maƙwabta ke shanya, na shiga kwasa. Zanen gado, tawul, wandunan yara, da wasu ƙananan kaya na dattijuwar hawa na biyu waɗanda kunya ta hana ni ambata, duk na rungume.

Ina juyowa sai ga ta a bakin ƙofa, da tsintsiya mai sanda, da jikokinta. Ta ce: "¡Ladrón!" Wannan kalmar ba ta cikin babinmu, amma tsintsiyar ta yi mini bayani.

To, da me zan kare kaina? Babin ba da haƙuri sai mako mai zuwa. Na nuna sama da haɓa, tunda hannuwa a cike suke, na ce: "Señora, relámpago." Duk muka ɗaga kai. Taurari reras. Can ta bakin teku wani abu ya tashi fiii, ya fashe kore da ja. Ashe daren San Juan ne, lokacin da suke hura wuta a bakin ruwa suna harba wasan wuta har tsakar dare ta wuce. Jikokin suka faɗi ƙasa don dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta tsaya a kaina sai da na mayar da kowane kaya igiyarsa, tana gyara mini yadda ake maƙala su.

Tun daga ranar yaran unguwa Relámpago suke kirana.

A watan Maris na 2022 iska ta kwaso ƙurar Sahara ta juye wa Almeriya, gari ya yi jawur. Mutanen garin suna cewa calima suna ɗaukar hoto, mu da Badamagare muna ganin hazon gida ne ya biyo mu. Yayyafi ya sauka a kai, komai ya koma taɓo. Ina zaune ina shan shayi aka buga ƙofa. Dattijuwar ce, riƙe da zanen gadonta da ya rine ja, tana masifa. Yanzu ina jin harshen sosai, don haka ba abin da ya wuce ni: wai ina gida, ina gani, me ya hana ni kwashe mata shanya?